Adaidaita na bersiman a Damagaram: ya isa a bar kabu-kabu ko albashi dominsa?

Wanda ya tsaya bakin Kasuwar Dole ranar Alhamis da hantsi, ya ga yadda adaidaita ke kwasar mata uku da buhunsu da kwandunansu a tashi ɗaya, ɗan kabu-kabu kuwa yana gefe yana jiran mutum guda, ya san inda wannan tunani yake fitowa. Samari da yawa masu babur, da masu gadi, da yaran shago, har da masu ƙaramin albashi a ma'aikatu masu zaman kansu, suna ta shawarar su ajiye abin da ke hannunsu su karɓi keke mai ƙafa uku a hannun wani mai hali, suna biya kullum har ya zama nasu. Abin da muka duba a nan abu biyu ne a haɗe: keken kansa, da kuma tsarin bersiman ɗin da ake ba da shi a kai. Keken mun yaba da shi, in an san halinsa. Tsarin biyan kuwa akwai mai kyau akwai mai cin mutum, kuma a takarda ake gane su, ba a jikin keken ba.

Bersiman iri biyu ne, kuma mutane suna cakuɗa su a baki. Akwai haya zalla: ka ɗauki keken mai shi da safe, ka kawo masa kuɗin da aka yanka da dare, ko shekara goma ka yi keken nasa ne. Akwai kuma na mallaka, wanda ake ce wa kontira: mai keke ya sayo shi, ya ɗora ribarsa, a raba jimillar kuɗin zuwa biyan kullum ko na sati, ranar da ka cika ya miƙa maka takardu. Na biyun shi ne ke sa mutum barin aiki, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Kekunan fasinja da aka fi sani su ne Bajaj RE da TVS King, duka ƙirar Indiya. Injin nasu yana baya, ƙarƙashin kujerar fasinja, mai silinda ɗaya, girmansa wajen cc 200, kusan ninki biyu na ƙaramin babur. Giya huɗu gaba, ɗaya baya, ana sauya ta da hannun hagu, ambirayaj ma a nan yake, birki kuma na ƙafa ne mai aiki da mai. Tanki yana ɗaukar wajen lita 8. Tayoyin ƙanana ne, lamba 4.00-8, wato ƙarfen ciki inci 8 kacal. Keken babu kaya ya haura kilo 300. A kan kwalta da pabe, musamman titunan da aka gyara lokacin bikin Zinder Sabuwa na 2018, tafiyarsa lafiya lau: akwai inuwa, tsohuwa tana shiga ba sai an ɗaga ta ba, mai jego da jariri hankalinta kwance, mai zuwa babban asibiti da mara lafiya ba ya neman taksi. Inji ne mara rikici, bakaniken da ya iya babur zai gane shi cikin ɗan lokaci. Wannan ba ƙaramin abin yabo ba ne a garin da gyaran mota ke iya cinye ribar wata guda.

Matsalarsa ta farko a nan ita ce yashi. Taya mai inci 8 ba ta haye rairayi yadda tayar babur mai inci 17 ko 18 ke yi, nitsewa take. Direba ya shiga lungun Kara-Kara ko Garin Malam da mutum uku a baya, keke ya kafe, sai ya riƙe ambirayaj rabi yana murɗa wuta don ya fita. Abin da ke faruwa a ciki shi ne farantan ambirayaj suna gogar juna ba su kama ba, suna zafi, suna cinyewa. Alamar sun fara tafiya ita ce inji ya yi ƙara keke bai ƙara gudu ba, musamman a hawan tudu. Maganinsa ba ya wuce a sauke fasinja a tura, ko a faɗa wa mutum tun farko cewa bakin titi za a ajiye shi. Sabon direba yana jin kunyar faɗin haka, kuma kunyar nan ita ke kai shi gareji tun watannin farko. Lungunan cikin Birni ma, ga ƙunci ga duwatsu, akwai inda babur ke shiga keke ba ya shiga, kuma wannan kasuwa ce da ɗan kabu-kabu zai rasa ranar da ya sauya.

Ta biyu ƙura. Da yake injin yana baya kusa da ƙasa, duk ƙurar da tayoyin suka tayar ita yake shaƙa. Lokacin hunturu matatar iska tana toshewa cikin kwana kaɗan. In ta toshe, keke ya riƙa shan esansi fiye da ƙima, buji ya yi baƙi. In kuma ta yage, ko robar da ke tsakaninta da karbirato ta tsage, ƙura ta shige silinda ta zama kamar takardar goge ƙarfe, ta cinye zobban fistan, sai a fara ganin shuɗin hayaƙi kuma baƙin mai yana raguwa. A hunturu a buɗe matatar duk kwana uku. Ta soso ce, a wanke a shanya a ɗan shafa mata mai; ta takarda ce, a kakkaɓe, in ta yi duhu a sauya, kada a sa mata ruwa. Ga kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40: fanka ce ke hura wa injin iska ta cikin murfi, to in haƙarƙarin silinda ya cushe da ƙura da tsiyayar mai, iskar ba ta ratsawa. Wasu bakanikai suna cire murfin su yar wai don inji ya sha iska. Kuskure ne babba, murfin shi ke tilasta wa iskar fanka bi ta kan silinda.

Bidanji kuwa, wato canjin baƙin mai, 20W50 ake zubawa, bai kai lita 2 ba, kuma ga mai aiki kullum a wannan ƙura kada ya wuce sati biyu, wato wajen kilomita 1,500. Sabon keke a yi masa bidanjin farko kafin ya cika kilomita 1,000, kada a cika masa kaya ko a matsa masa gudu a wannan tsakanin. Man kwalba da ake aunawa a bakin hanya ba a san asalinsa ba, sauƙinsa ba ya biyan kuɗin buɗe inji. Abubuwan da ke tsinkewa ba sallama su ne wayar ambirayaj da wayoyin giya, saboda daga hannu suke tafiya har bayan keke, ga tsawo ga lanƙwasa. A ajiye na canji a ƙarƙashin kujera tare da buji ɗaya da sifana. Sannan a riƙa leƙa robobin da ke rufe sandunan da ke juya tayoyin baya: roba ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, abin da za a gyara da ƴan daloli ya koma sayen sanda sukutum.

Abu ɗaya da ɗan kabu-kabu ya kamata ya cire daga jikinsa: babur ana kwantar da shi a kwana, keke ba ya kwanciya. Ka shiga shataletale da gudun da ka saba, tayar baya ta ciki ta ɗaga, keke ya kife da mutane. Cika shi da mutum biyar ko shida, har da na gefen direba, yana ƙara wannan haɗari, yana tsawaita tazarar birki, yana kuma tsaga ƙarfen ƙasan keken.

Tsakanin Bajaj da TVS ba mu ga dalilin rantsuwa da ɗaya ba. Kowanne yana da masoyansa, kuma duka biyun suna aiki in an kula. Abin dubawa shi ne wanne ne bakaniken unguwarku ya fi sani, wanne ne kuma kayan gyaransa ke kan kanta yau, ba sai an aika ba. Mafi yawan kayan gyara ta Kano suke zuwa, tafiyar wajen kilomita 240. Can ne ma sunan adaidaita ya samo asali, daga shirin A Daidaita Sahu na zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, kuma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 keke ya mamaye garin, kayan gyaransa suka wadata. Amfaninmu ke nan, amma yana nufin farashin kayan yana bin canjin naira da halin da iyaka ke ciki. Waɗanda suka yi sana'ar a watannin da aka rufe iyaka bayan Yulin 2023 sun san haka. Kuma kowane kaya yana da na asali da na kwaikwayo a kwali iri ɗaya. Farantan ambirayaj da zobban fistan kada a yi musu arha.

Yanzu lissafi, don shi ne ke yanke maganar. Alƙaluman da ke tafe misali ne don a ga yadda ake auna abin, kowa ya sa nasa a gurbinsu. Farashin esansi kaɗai muka ɗauko daga na hukuma: a Yulin 2024 gwamnati ta sauke lita zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya.

A ce mai keke ya sayo shi miliyan 2, ya ɗora maka shi miliyan 3, biyan kullum jika 6, wato sefa 6,000. Kwana 500 ke nan na biya. In kana hutun kwana ɗaya a sati, wata 19 ne da ɗan kai. A ce kana yin kilomita 120 a yini, keken yana ba ka kilomita 25 a lita da fasinja da tsaye-tsaye: kusan lita 5, jika 2 da rabi. Bidanji duk sati biyu, a ce jika 5, ya faɗo kusan sefa 400 a yini. Ajiyar gyara, taya da birki da wayoyi da batir, jika 1 a yini, kuma wanda bai ware wannan ba yana yaudarar kansa ne. Tikiti da kuɗin ƙungiya a ce 300. Jimilla sefa 10,200 kafin dala ɗaya ta zama taka. In kana son kai jika 3 gida, sai ka tara 13,200. In kowane fasinja dala 40 yake biya, wato sefa 200, mutum 66 ke nan. A ɗauka kowace tafiya mutum biyu ne a tsakaice, don ba kullum ake cika ba kuma sau da yawa dawowa ake yi wayam: tafiya 33. Cikin awa 10, kowane minti 18 sai ka ɗauka ka sauke ka sake ɗauka. Ranar Alhamis wannan mai yiwuwa ne har a wuce. Ranar Talata da azahar a watan Agusta, hadari ya haɗo, sai a yi tambaya.

Ɗan kabu-kabun da babur ɗinsa nasa ne, kilomita 120 ɗin nan ba za ta ci masa lita 3 ba, a ce 1,400, gyara da tikiti a ce 600. Jika 5 ta ishe shi ya kai jika 3 gida. Ranar da kasuwa ta mutu ya samu jika 4, ya koma da jika 2 ba wanda ke binsa. Mai kontira kuwa ranar da ya samu jika 8, ya zuba mai ya biya bersiman, sai ya ciro daga aljihu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma wannan bambanci shi ne abin da masu tallar kontira ba sa ambata.

Mai albashi nasa lissafin daban. Mafi ƙarancin albashi a hukumance tun Janairun 2024 jika 42 ne a wata, in an raba kwana 26 bai fi sefa 1,600 da ɗoriya a yini ba. In an gwada shi da jika 3 ta keke, sai a ga kamar ba abin tsayawa shawara. To amma albashi yana zuwa ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, yana zuwa ranar suna da ranar zaman makoki, kuma in mai aikin yana zuba maka a CNSS, asusun kula da ma'aikata na ƙasa, akwai kuɗin iyali, da kariya in ka ji rauni a bakin aiki, da fansho a gaba. Keke ba ya ba da ko ɗaya. Don haka wanda aka yi wa rajista a CNSS, sai abin da keke zai bar masa a mummunar rana ya kai ninki biyu na albashinsa na yini kafin mu ce ya motsa. Wanda ba a yi masa rajista ba, albashin ma sai an ja shi wata biyu, shi kam abin da zai rasa kaɗan ne.

Romon kontira yana ƙarshe: ranar da ka cika, jika 6 ɗin nan ta koma aljihunka, kusan jika 150 a wata. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ba mu kushe tsarin gaba ɗaya ba. Sai dai a tuna keken da zai zama naka ya riga ya yi kilomita 60,000 a kan hanyoyinmu. Zai nemi zobba ko fistan, rumfa ta yage, kujeru sun mutu. Wanda ya kula da matatar iska da bidanji zai karɓi keken da zai yi masa wasu shekaru. Wanda ya yi ta cika kaya don ya gama biya da wuri zai karɓi takardu da gawar ƙarfe.

Mu dawo kan takarda. Tambayar farko da za a yi wa mai keke, gaban shaidu, ita ce: in na kasa biya, me zai faru da abin da na riga na zuba? A kontira mara kyau amsar ita ce in ka yi fashin kwana kaza, a karɓe keke, duk abin da ka biya a lissafa shi kuɗin haya. Mutum ya yi wata 14 yana biya, ya zuba fiye da miliyan 2, haɗari ko ciwo ya kwantar da shi sati biyu, a ɗauke keken a ɗora wa wani sabon kontira. Wannan sharaɗi in yana ciki, a ajiye alƙalami, komai kyan keken. Mai kyau shi ne wanda ya ce in abu ya gagara za a sayar da keken a kasuwa, mai shi ya ɗauki ragowar kuɗinsa, abin da ya saura na direba ne. Ko kuma a ba direba dama ya kawo wanda zai ci gaba da biya a madadinsa, su daidaita tsakaninsu.

Sai kwanakin da ba a biya. A rubuta su da suna: ranar hutun sati, ranakun sallah biyu, ranakun da keke ke gareji kan gyaran da ba laifin direba ba, ranakun rashin lafiya da takardar likita. A sa har da ranar da babu mai a gari. Matatar mai ta SORAZ tana nan arewa da mu kan hanyar Tanut tun 2011, amma hakan bai hana ƙarancin esansin da ƙasar ta shiga a Maris na 2025 ba, kuma tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023 man ƴan ruwa-ruwa ya daina zama mafakar da aka sani. Yinin da aka kwashe a layin gidan mai ba a tara jika 13. Waɗannan kwanaki ba yafe su ake yi ba, tura su ake yi ƙarshen wa'adi, kuma mai keke mai hankali yana yarda, don ya fi son kuɗinsa ya cika a makare da a dawo masa da keke a lalace. Biyan sati ya fi biyan kullum sauƙi ga direba, saboda Alhamis tana rufa wa Talata asiri.

A fayyace wa ke gyaran me. Abin da aka saba, ƙananan gyare-gyare na direba ne. To inji in ya buga a wata na biyu fa? In aka sace keken, ko ya ƙone, bashin yana nan ko ya faɗi? In ka samu kuɗi ka so biyan ragowar a dunƙule, za a rage maka wani abu? Kowace amsa ta shiga takarda. A rubuta lambar shasi da lambar inji, jimillar kuɗi da lamba da kuma harafi, shaidu biyu daga kowane ɓangare, a kai ma'aikatar magajin gari ko kwamisariya a buga hatimin tabbatar da sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. Kuma kowane biya ya bar shaida: ko littafi biyu da ake sa hannu a duka, ko a riƙa turawa ta Nita ko Amana ko Airtel Money don rasit ya zauna. Rigimar "na ba yaronka" da "bai kawo mini ba" ta raba zumunci da yawa, kuma ta fi yawa tsakanin dangi, inda ake jin nauyin neman rasit a hannun kawu ko yaya.

Ta fuskar addini, mafi yawan malamai sun halatta sayar da kaya a kan bashi da farashin da ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki. Abin da ba su halatta ba shi ne a ƙara kuɗi a kan bashin don an yi jinkiri. Kontiran da ya ce kowace ranar fashi za a ɗora tarar kaza a kan jimilla, a kai shi gaban malami kafin a sa hannu.

Takardun keke: takardar duwan, kartigiris, asirans, binyet, da izinin ɗaukar fasinja na hukumar gari, sai permi na direba. A duba da ido cewa lambar da ke jikin shasi ita ce a kartigiris, kuma asirans ɗin na ɗaukar fasinja da kuɗi ne, don na hawan kai ba zai tsaya maka ba ranar da fasinja ya karye. A rubuta wanda zai riƙa sabunta su. In tsohon keke ne, a je ganinsa da sassafe kafin a tayar da shi, a ji yadda yake tashi da sanyi, a dubi hayaƙi, a sa giyar baya sau uku a ga ko tana zamewa, a durƙusa a nemi tabon walda a ƙasa, a dubi tayar gaba ko gefe ɗaya take cinyewa. Agogon kilomita kada a kula shi. Kontira kan tsohon keke mun fi ƙin sa, don gyaran shekarun da wani ya ci kai za ka biya.

To yaushe ake tashi? Ba ranar da aka yi faɗa da maigida ba, ba kuma ranar da aboki ya nuna maka cinikinsa na jajibirin sallah ba. A fara gwadawa ba a saki komai ba. Direbobi da yawa suna neman wanda zai karɓe su ranar hutunsu ko da yamma. Ka karɓa na sati biyu ko uku, ka riƙe ɗan littafi, kullum ka rubuta abin da ya shigo, man da ka sha, da awa nawa ka yi. Daga nan ka ware kwana huɗu mafi muni, ka yi lissafinka a kansu. In a waɗannan kwanaki bersiman da mai da ajiyar gyara sun fita har an samu na cefane, hanya ta buɗe. In sai da Alhamis lissafin ke tashi, ba ta buɗe ba. Gwajin nan yana kuma nuna maka abin da alƙalami ba ya nunawa: ko bayanka da hannunka na hagu za su jure awa 10 na matsa ambirayaj da murɗa giya.

Kafin ranar farko a tanadi bersiman na wata ɗaya a gefe, a misalinmu wajen jika 150, da hatsin wata biyu a gida. In zubin adashi ne zai kawo wannan, a jira kwasar. Kuma a nemi abokan hulɗa na wata-wata tun kafin a karɓi keke: gida uku ko huɗu masu yaran lakwal da za a kai da safe a ɗauko, da ƴar kasuwa ɗaya ko biyu masu kai kaya kullum. In kuɗin waɗannan ya rufe rabin bersiman, sauran yinin ana yin sa da kwanciyar hankali, ba a gudun da ke kifar da keke.

Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a fara shi ne ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Makarantu sun koma, ɗaliban Jami'ar André Salifou suna gari, kaka ta shigo mutanen karkara suna zuwa da kuɗi a hannu, bukukuwan aure sun ƙaru, ruwa ya ɗauke hanyoyi sun bushe. Wanda ya fara a nan yana da wata biyar ko shida masu albarka da zai tara abin da zai ratsa bazara da damina. Wanda ya fara a Yuni ya faɗa hutun makarantu, ga taɓo, ga jama'a sun tafi gona, ga tsadar hatsi, kuma a lokacin ne bai gama sanin keken ba.

Yadda ake barin aikin ma yana cikin lissafi. Mai albashin wata ya rubuta takardar ajiye aiki ya ba da wa'adin sanarwa, wanda ga mafi yawan masu albashin wata ɗaya ne. In ya fice ba sanarwa ana iya bin sa kuɗin wannan wa'adi. Ya sani cewa wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya samun kuɗin sallama irin na wanda aka kora, amma yana da haƙƙin kuɗin hutun da bai ci ba da takardar shaidar aiki. Ya riƙe lambarsa ta CNSS, ya je ofishinsu ya tabbatar an zuba watannin da aka yanke masa tun yana cikin aikin, don bayan an fita bin sawu yana wuya. In an samu saɓani, ofishin sufeton aiki na jiha shi ne wurin zuwa. In ana jin ƙishin-ƙishin rage ma'aikata a wurin, a dakata, wata biyu na haƙuri na iya zama kuɗin ajiyar da ake nema. Yaron shago kuwa ya sami maigidansa da wani babba, a yi ƙidayar kaya a rufe lissafi, a rabu da albarka. Sau da yawa tsohon maigida shi ne farkon mai ba da kaya a kai masa tasha.

Ɗan kabu-kabu kada ya sayar da babur don ya biya abansi. Ya ba ƙane ko wani amintacce yana kawo masa ɗan abu kullum, kuɗin ya tafi asusun gyaran keke, kuma ranar da keke ya kwana gareji yana da abin hawa ya nemo bersiman. Sai an wuce rabin biya, an ratsa damina ɗaya da keken, sannan a yi maganar sayar da babur.

Wanda muke ganin tsarin ya dace da shi: mai haya a kan babur ɗin wani, mai aikin da ba rajista ba tabbas, da wanda yake zaune kusa da kwalta yana da gidajen da suka riga suka yi masa alkawarin yara. Wanda muke ba shawarar ya dakata: mai babur nasa na kansa da fasinjojinsa ke cikin unguwannin yashi, da mai albashin da ake zuba masa a CNSS kuma shekarunsa sun yi nisa a ciki. Wanda kuma yake da rabin kuɗin keke a hannu, gara ya nemi a ɗora masa ribar a kan ragowar rabin kaɗai, a rage wa'adin zuwa wata 9 ko 10, a kuma sa sunansa a kartigiris tun ranar farko, mai kuɗin ya riƙe asalin takardar har a gama biya.